Rimot a Haɓar Zanen Inna

Ni ce 'yar farin Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "waccan", ko "yayarku" idan da ƙannena take magana, ko kuwa "ɗiyar Tsafe", saboda can aka kai ni wurin Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tun da aka yaye ni. Haka muka tarar ana yi a gidanmu: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiransa, ba ta zama su yi hira, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Goggo ta riƙe ni riƙon da ko 'yar cikinta sai haka, don haka ban tashi ina ganin an zalunce ni ba. Amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa sosa mini rai ba. Ƙannena kan zauna jikin Inna suna cin ɗumame a kwano ɗaya da ita, ni kuwa in na zo hutu sai a miƙo mini nawa ta hannun wani.

Bayan rasuwar Baba gidanmu na Nahuce ya zama wayam. Ƙannena mata duk aure ya kai su nesa, ni ina koyarwa a Gusau, ina zaune a Damba da maigidana, Auta kuma, wanda yanzu har ya fara furfura a gemu amma ba mu fasa ce masa Auta ba, yana jan motar haya tsakanin Gusau da Tsafe. Aka bar Inna da awakinta da kajinta da ɗakin ajiyar hatsi. A shekara ta biyu aka shiga aka kwance mata awaki biyu, ba a jima ba aka fasa ɗakin ajiya aka ɗebi dawa. Nan fa waya ta ɗauki zafi tsakaninmu, kowa yana cewa a dawo da Inna Gusau. To Gusau ɗin kuwa gidana ake nufi, tunda Auta ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa. Da aka kai mata maganar, ta aiko Auta ya gaya mana cewa ita ba kaya ba ce da za a ɗauka a aza bayan mota.

Ni na kawo shawarar alam, wato na'urar tsaro mai jiniya. Muna da irinsa a gidanmu na Damba, kuma ni mutum ce da in na yarda da abu sai na cika kowa da bayani har ya gaji ya ce to. Na ce a saka mata, in wani ya taɓa ƙofa jiniya ta tashi unguwa, in kuma ita ce wani abu ya same ta, ta danna mu ji. Ƙannena suka yarda bisa sharaɗi ɗaya: in abin ya yi aiki Inna ta zauna a gidanta, ranar da ya gaza kuwa babu sauran gardama, za ta dawo Gusau. Ni na ɗauki wannan alkawari da bakina, ina taƙama.

Mutumin da ya haɗa mana na Damba shi muka ɗauko wata Asabar da hantsi. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda kafin ya ce komai sai ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Ya zagaya gidan ya dawo ya ce ginin ƙasa ne, ba zai fafe shi don binne waya ba, kuma in ya bi da ita ta waje ɓeraye da awaki za su raba ta tsakaninsu. Sai dai a yi marar waya. Ya kafa babban akwatin a ɗakin Inna, da layin waya a cikinsa, ya ɗora ɗan faifan sola a kan rufi, jiniyar kuma ya maƙala ta saman zaure. Daga nan ya fito da wasu 'yan fararen abubuwa, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, bibbiyu, ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a jikin dogarin ƙofa, in suka rabu sai su sanar da akwatin. Ya saka a ƙofar zaure, da ta ɗakin ajiya, da ta garken awaki.

Na garken ya ƙi magana. Aka buɗe aka rufe, aka buɗe aka rufe, akwatin ko gezau. Dattijon ya ce katangar da ke tsakani ta yi kauri, saƙon ba ya iya ratsa ta. Baba ne ya gina katangar nan da hannunsa, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya yin abu rabi da rabi. Sai mutumin ya ɗauko wani ƙaramin akwati ya rataye a reshen darbejiyar tsakar gida, ya ce wannan zai riƙa karɓar saƙo daga garke yana miƙa wa na ɗaka. Aka sake buɗewa, sai ga akwatin ya yi ɗan kuka.

Duk wannan Inna tana zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, kamar ba gidanta ake aiki ba. Can ta tambayi Auta yadda ƙofa za ta yi wa akwati magana babu igiya tsakaninsu. Dattijon ya ce ta iska saƙon yake bi. Ta ɗaga kai ta dubi sararin tsakar gidan ta daɗe, sannan ta ce ashe gidan nan zai cika da zance ba wanda ke ji. Har yau in na tuna gidan, haka nake ganinsa: rana ta ratso ganyen darbejiya, kaji suna tono, ƙofofi suna ta aika wa juna magana ta saman kawunanmu.

Daga ƙarshe ya fito da rimot, ɗan ƙarami kamar na makullin mota. Madanni ɗaya na kunna tsaro, ɗaya na kashewa, sai wani ja a ƙasa. Ya ce jan nan ba ya tayar da jiniya, waya yake kira kai tsaye, na ranar rashin lafiya ne ko faɗuwa. Ya tambaya lambar wa za a saka. Kafin Auta ya buɗe baki na karanto tawa. Na kawo hujjoji kuwa masu kyau: Auta kullum yana hanya, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, direba ba ya ɗaga waya yana tuƙi, ni kuwa wayata ba ta rabuwa da ni. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsu wadda ban faɗa ba, kuma a lokacin ko ni ban tsaya na dube ta ba.

Auta ya durƙusa gaban Inna ya nuna mata madannan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan jan ya ce mata in ta danna wannan, wayar Yaya ce za ta yi ƙara. Inna ta kau da kai wajen kaji. Ta karɓi rimot ɗin, ta juya shi a tafin hannu, ta ƙulle shi a haɓar zanenta tare da goronta. Na ga kau da kan nan da idona, na kuma san ma'anarsa sarai, amma na ce a raina in ciwo ya zo ai kunya za ta ba da hanya.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi. Dattijon ya saita akwatin yana turo mini saƙo duk lokacin da wata ƙofa ta buɗe ko ta rufe, sai na wayi gari ina sanin yinin Inna fiye da yadda na taɓa sani a rayuwata. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta wayar za ta yi motsi, ƙofar garke ta buɗe, sai in gan ta a raina ta sunkuya tana zuba dusa, tana yi wa jar akuyar faɗa kan haɗama. Ina tsakiyar darasi ɗakin ajiya zai buɗe, in ce yau tuwon dawa ne. Ranar Juma'a ƙofar zaure ba ta hutawa, in riƙa lissafa masu shigowa gaisuwa, wannan maƙwabciyarta ce, wannan mai kawo nono ce daga ruga. Wani lokaci in ina zaune ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, ruwa yana zuba a kan kwanon rufi, sai in ajiye jan biro in riƙe wayar kawai, in ji kamar ina zaune bakin ƙofar ɗakinta ba ta kore ni da ido ba. Abokan aikina suna tsokanata wai na yi sabon saurayi. Ban taɓa gaya musu cewa ƙofar garken awaki ce ke aiko mini saƙo ba.

Inna kuma ta iya abin fiye da zatonmu. Auta ya ce in za ta fita unguwa takan tsaya bakin zaure ta kwance haɓar zane, ta nuna wa gidan rimot ta danna, ta jira ya amsa, sannan ta ce masa sai ta dawo. Sau ɗaya jiniyar ta tashi da rana tsaka, maƙwabta suka fito da sanduna, aka tarar bunsuru ne ya tunkuɗe ƙyauren garke. Ta yi sati tana ba da labarin tana dariya. Jan madannin kuwa ko da wasa ba ta taɓa taɓa shi ba.

Ranar da abin ya faru, a ƙarshen damina ne. Saƙo ya shigo da hantsi cewa garke ya buɗe, na gani na ci gaba da aikina. Saƙon rufewa bai zo ba. Na lura, har na ce a raina yau Inna ta yi mantuwa, na shiga aji. Sai bayan la'asar Auta ya kira ni. Ashe Inna ta fito daga garke ta taka gansakukar da ke gefen rijiya, santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya bugu, ta kasa tashi. Ta yi kira, amma katangar Baba ba ta barin murya ta fita. Tun hantsi tana kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, rana ta zo ta wuce ta kanta, har maƙwabciyarta ta shigo aron rariya ta same ta. Matar ta ce da ta ɗaga ta, haɓar zanen a kwance take, rimot ɗin yana cikin hannunta ta damƙe shi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni. Da mantawa ta yi da shi, da na yi kuka na haƙura. Amma ta kwance shi, ta riƙe, ta san wanda za ta danna, ta yini ba ta danna ba.

A asibiti aka ce ƙashi bai karye ba, buguwa ce da targaɗe, ta huta. Aka kawo ta gidana ta yi jinya, ƙannena kuma suka ce to, ga ranar da aka yi sharaɗi a kanta ta zo. Ban da bakin musu. Na gyara mata ɗakin da ya fi kowanne iska, na saya mata sabuwar katifa, na dafa duk abin da na san tana so. Amma zaman Inna a gidana wani abu ne da ba na fatan sake gani. Ga kunyata, ga kunyar maigidana da yake surukinta. In na shigo da abinci sai ta juya fuska bango, ba za ta ci ba sai na fita, in na dawo in tarar ta ɗan taɓa gefe ta rufe. Ba za ta ce tana son ruwa ba, ba za ta ce a kama ta zuwa bayi ba, sai ta jira matar Auta ta zo da yamma. Innar da ke yi wa bunsuru faɗa har a ji ta a zaure, ta koma magana ƙasa-ƙasa kamar baƙuwa a gidan makoki. Cikin sati biyu ta rame fiye da yadda faɗuwar ta ramar da ita.

Wata rana haƙurina ya ƙare, ni ma dai 'yar Baba ce wajen zuciya. Auta yana zaune gefenta, na tsaya a kanta na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, abin yana hannunki. Me ya hana ki danna?"

Ba ta dube ni ba. Ta gyara mayafi, ta ce wa Auta, "Ka ce mata ban ji zahi sosai ba."

Na fita na shiga kicin na yi kuka mai isata, rabi tausayi rabi haushi. Ina cewa a raina wace irin kunya ce wannan da ta fi rai, ashe gara ta mutu gefen rijiya da ta neme ni.

Da Asabar ta zagayo na shiga mota zuwa Tsafe, don duk abin da ya fi ƙarfina wurin Goggo nake kai shi. Hanyar ta yi kore shar, dawa ta fitar da kai, dutsen Kwatarkwashi yana ta bin mu ta taga kamar ba zai ƙare ba, ni kuwa ina ta shirya ƙarar da zan kai. Na tarar da Goggo tana tsinke zogale. Na zazzage mata komai, ina jiran ta taya ni faɗa. Ta bari na gama sarai, sannan ta tambaye ni wa ya ce a saka lambata. Na fara jero mata hujjojin nan na sabis da tuƙi, ta ɗaga hannu.

"Ke dai hwaɗi gaskiya. So kika yi ta kira ki."

Ta taɓo inda abin yake. Shekara hamsin ina jiran Inna ta neme ni da kanta ko sau ɗaya, da na ga bakinta ba zai yi ba, sai na ɗaura abin a kan ɗan yatsanta, na kuma zaɓi ranar da ba ta da ƙarfi. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Goggo ba ta ci gaba da faɗa ba. Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na shekarar da na yi ƙyanda ina ƙarama har aka fid da rai. Ta ce kwana biyu da aika labari sai ga Inna a Tsafe, da tsohon ciki, a bayan motar kaya, wai ta zo dawo da wata tukunya da ta ara tun bikin wani. Ta zauna bakin ƙofar ɗakin da nake kwance, ta ba ni baya, ta tambayi lafiyar kowa har da kaji, ban da ni. Kwana huɗu ta yi tana dawo da tukunyar nan, sai da na fara shan kunu ta tafi. Goggo ta ce Inna ba ta taɓa ƙin zuwa inda nake ba, amma sai an bar mata abin da za ta ce shi ya kawo ta, ni kuwa da karatuna duka na toshe mata wannan.

A hanyar dawowa na kira dattijon nan mai haɗa alam. Na tambaye shi ko akwatin yana ɗaukar lamba fiye da ɗaya. Ya ce ƙwarai, yana kiran ta farko, in ba a ɗaga ba ya wuce ta biyu da kansa, ai ya so ya faɗa mini tun ranar amma na riga shi da baki. Na ce ya cire tawa daga farko ya saka ta Auta, tawa ta koma baya. Daga nan na bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya a waya. Na gaya musu alam bai gaza ba, ni na gaza, su ba ni dama ɗaya. Sun yi ta ja, musamman mai bi mini, wadda ta ce in aka sake samun Inna a ƙasa ba za ta yafe mini ba. A ƙarshe suka ce sai dai in Inna ta danna jan nan a gaban shaidu, su tabbatar za ta iya.

Da Inna ta fara takawa da sanda muka mayar da ita Nahuce. Tun daga zaure muryarta ta dawo, ta shiga yi wa maƙwabciyarta ƙorafin an bar mata awaki sun rame, alhali sun fi da ƙiba. An kankare gansakukar, an zuba tsakuwa gefen rijiya. Dattijon ya shiga ɗaka ya yi 'yan danne-dannensa, ya fito ya miƙa wa Auta rimot. Auta ya durƙusa ya ce mata yanzu jan nan shi yake kira, ta gwada a gani. Ban ce a gaya mata sauran ba, shi ma bai faɗa ba. Ina tsaye can gefe jikin darbejiya, jakata a kafaɗa.

Ko jinkiri ba ta yi ba, ta danna. Wayar Auta ta kama ƙara a aljihunsa, maƙwabciya ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, Inna ta yi murmushi. Shi kuwa sarkin wasa, maimakon ya ɗaga, sai ya fito da wayar yana nuna wa kowa, yana cewa yau ga Inna ta kira shi kyauta ba ta ce ya sayo mata goro ba. Yana cikin surutunsa kiran ya katse. Sai ga tawa ta ɗauka a cikin jaka.

Ba wanda ya motsa. Auta ya sunkuyar da kai, dattijon ya shiga duba akwatin kayan aikinsa. Ni kuwa na kasa buɗe jakar, na kasa kashewa, ina jin ƙarar tana fita ta cika gidan, ina jiran Inna ta miƙo rimot ɗin ta ce a ɗauke shi. Na san in ta yi haka, yau ɗin nan za mu koma da ita Damba, ta ƙare kwanakinta tana kallon bangon ɗakina.

Ta daɗe tana duban wajen garke har ƙarar ta tsaya. Sannan ta jawo haɓar zanenta, ta sa rimot ɗin kusa da goro, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli na biyu.

"Ni dai autana nik kira," ta ce wa maƙwabciyarta. "Inda abin yaz zarce, wannan ba ruwana."

Ta dogara sandarta ta nufi wajen awakinta. Na zagaya bayan ɗakin ajiya inda ba mai ganina, na buɗe jakar, na daɗe ina duban kiran da ban ɗaga ba.